Harshen Ƙararrawar Hasumiya

Sai da teku ya dawo da gawar mijin mai bandar kifi sannan mutanen garin suka tuna su ɗaga kai su dubi hasumiya. Jiya da hantsi hadari ya taso, ya farfasa jirage, ya ci mutum guda, amma ƙararrawa ba ta ce uffan ba. Wannan kuwa ko kakannin kakanni ba su taɓa ba da labarin irinsa ba.

Hasumiyar nan ita kaɗai ta rage daga wata fada da teku ya lashe tun zamanin da ba wanda ya riƙe sunan mai ita. Idan ruwa ya janye ana ganin ginshiƙai da rabin ƙofofi kwance a yashi, ƙaguwa na shige da fice inda a da manya ke zama. A can ƙolinta akwai ƙararrawar tagulla wadda ba ta da igiya, ba kuma mai kaɗa ta. Da kanta take kaɗawa in hadari na tafe, tun sama na fes, sai kowa ya jawo jirginsa tudu. Da muryarta garin ke fita neman abinci, da ita yake dawowa.

Mai gadin hasumiya ya hau ya duba, ya sauko da sauri. Ya ce ƙararrawa na nan, amma harshenta babu, an bugi ƙusar da ke riƙe da shi an zare.

Mutanen garin nan kuwa Allah ya hore musu baki. Kafin a gama yi wa mamaci wanka kowa ya riga ya san ɓarawo, sai dai ɓarawon wannan daban, na wancan daban. Shugaban masunta ya ga abin zai zama rigima, ya aika a kira Mai Sawu.

Mace ce gajeruwa, ba ta da yawan magana, kullum idonta a ƙasa. Wanda bai san ta ba sai ya ce kunya ce da ita, alhali aiki take yi. Wajen mahaifinta ta gaji bin sawu, shi kuwa ya ajiye sana'ar ya ce gwiwa ta hana shi. Tana isowa gindin hasumiya ta tarar an tattake ko'ina, manya da yara har da awaki, ranta ya ɓaci. Tana cikin wannan haushin shugaban masunta ya tambaye ta wa take gani zai so guntun tagulla mai tsawon kamu guda. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce tagulla ai ba ta da amfani sai ga mai narka ta.

Magana ce ta fatar baki, amma tana fita duk kawuna suka juya wajen maƙera. Maƙerin garin baƙo ne. Ya daɗe da zuwa, a nan ya haifi 'ya'yansa, babu gidan da ba ƙugiyarsa ko wuƙarsa, amma har yau baƙo ake ce masa. Samari suka ruga suka ɗauro shi. Shugaban masunta ya yanke cewa gobe in ruwa ya janye za a sa shi a jirgi ba filafilin tuƙi a tura shi teku, yadda ake yi wa duk wanda ya jawo mutuwa a teku, sai fa in Mai Sawu ta kawo wani. Ta buɗe baki za ta ce ba haka take nufi ba, hayaniya ta danne ta. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta hana kowa hawa matakalar hasumiyar.

Da mai gadi ta fara. Ya rantse ya sake rantsewa cewa ƙafarsa ba ta barin ƙofar nan, ko fitsari a gefen bango yake yi. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi to hanyar nan da takalminsa ya fitar daga ƙofa zuwa gidan ƙanwarsa, aljani ne ke ara yana bi? Ya sosa ƙeya ya ce mutum ai sai da abinci. In rana ta take yakan je ya ci, wani lokacin kuma barci ya ɗan sace shi a can. Shekaranjiya da safe ya hau ya goge gishirin da ke kama ƙararrawa, harshe na nan lafiya lau. Daga nan bai sake hawa ba sai yau. Don ya kuɓutar da kansa ya yi maza ya ce ta je ta duba mai sayen tarkacen kango, wanda ke bin yara su tono masa tsofaffin ƙarafa a cikin yashi.

Ta je. Tun daga nesa ta san ta yi tafiyar banza. Mutumin yana zaune ya cika benci shi kaɗai, ƙofar matakala kuwa ko an shafe shi da mai ba zai shige ta ba. Duk da haka ta zazzage buhunansa, ba komai sai ƙusoshi masu tsatsa da kunnuwan tukwane. Ya bi ta da mita har bakin hanya, yana cewa yau an mai da shi ɓarawo a gaban matansa.

An ajiye maƙeri a rumfar da ake ɗinkin raga, hannu ɗaure a baya, leɓe a fashe. Kafin ta je wurinsa ta bi ta maƙerarsa, ta tankaɗe toka, ta duba bakin zuga-zugi da ƙasan uwar maƙera. Ko ƙwayar tagulla babu. Matarsa na tsugune tana tsince kayan aikin da samari suka watsar. Ta ɗago ta dubi Mai Sawu ta ce mata sannu da aiki, ta ci gaba da tsinta. Da marinta ta yi da ya fi mata sauƙi.

Ta tambayi maƙeri inda yake shekaranjiya da tsakar rana. Ya ce yana gidan wani. Gidan wa? Ya ce ba zai faɗa ba. Ta ce masa ransa fa ake magana, ya faɗi suna ta je ta tabbatar a kwance shi yau ɗin nan.

"Na yi wa mai gidan alkawari," in ji shi.

"Alkawarin ya fi 'ya'yanka?"

Ya dube ta. Ta saba da kallon tsoro da na ƙiyayya, duk mai bin sawu ya saba. Wannan kallon na tausayi ne, kuma daga mutumin da bakinta ya ɗaure. Ta fita daga rumfar, ba ta gane dalilin wannan kallon ba.

Matakala ce ta rage. Iskar teku kullum tana shimfiɗa garin gishiri a kan duwatsunta, fari sol, don haka duk wanda ya hau sai ya bar shaida. Ta tuɓe takalmi ta shiga. Ga sawun mai gadi nan ɓaro-ɓaro, na shekaranjiya ya ɗan dushe, na yau sabo, mutum mai jan ƙafar hagu. A gefensu kuma ga wasu tabo-tabo marasa siffa. Ɓarawon ya naɗe ƙafafunsa da tsumma, ba dunduniya, ba yatsa, ba a ko iya cewa babba ne ko yaro. Ta ce a ranta wannan ya san abin da yake yi.

Ta ci gaba da hawa tana raɓe-raɓe yadda ta saba, don kada ta ɓata sawun mai gadi. Can sai ta lura da wani abu da ya dame ta: duk inda ta ɗaga ƙafa za ta sa, tabon tsumma ya riga ta wurin. Ta matsa gefe, yana nan. Ta tsallake, yana nan. Ta tsaya ta waiwaya ƙasa, ta bi layin da ido tun daga farko. Ko sau ɗaya tsumman bai hau kan sawun mai gadi ba.

Kusa da ƙoli akwai inda bango ya rushe, matakala ta tsuke, in ka leƙa sai kumfar teku can ƙasa. Mai gadi yakan manne da bangon da ya rage ya wuce, sawunsa na nan a wurin. Ɓarawon kuwa, ɗauke da tagulla a baya, ya gwammace ya taka bakin ramin, inda dutse ke motsi, da ya sa ƙafa a kan sawun wani. Duk ɓarawon duniya cikin sawun mai gadi zai riƙa sa ƙafarsa don nasa ya ɓace. Wannan hankalinsa ya tuna masa tsumma, amma ƙafarsa ta yi abin da ta saba.

Ta zauna a kan dutsen. Tana ƙarama in suna bin sawu, da ɗan kara mahaifinta ke tsula mata a sha-raɓa duk sanda ta kuskure, yana cewa ba a taka sawu. Har ta girma ba ta ƙara takawa ba, ko a kasuwa. Mutum biyu ne kacal ke irin wannan tafiyar a garin nan.

Rabonta da shiga cikin gidansu an kwana biyu. Tun da teku ya ci ƙanenta, Inna ta fara rikita sunaye, tana zuba abinci ta ajiye wa wanda ba zai zo ba. Mai Sawu ba ta iya kallon hakan, ba ta kuma so a gan ta tana kallo. Sai ta koma gaisuwa daga bakin ƙofa, ta miƙa kwanon abinci, Baba ya ce da sauƙi, ita ma ta karɓi da sauƙin nan hannu bibbiyu ta yi gaba. In maƙwabta sun tambaya a ce Inna na fama da ciwon ƙafa.

Yau ta shige har tsakar gida. Abin da ta fara gani sabuwar sakata ce a ƙofar ɗakin Inna, ta waje, kuma ko a mafarki ta san aikin hannun maƙeri. Ta zare ta buɗe. Inna na zaune bakin gado tana ninke wata tsohuwar riga tana warwarewa. Bayan ƙyauren duk an kakkarce shi, faratan Inna sun kakkarye, wasu da busasshen jini. Inna ta dube ta ta yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙuwa.

Ta waiwaya, sai ga Baba tafe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa. Yadda ya tako daga ɗakinsa ta ga gwiwar nan lafiyarta ƙalau.

"Kin hau, uwata?"

"Na hau, Baba."

"Ina na yi kuskure?"

"Ba ka taka ba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya zauna a kan turmi. Bai jira ta tambaya ba, dama ba za ta iya ba. Ya ce duk sanda ƙararrawa ta kaɗa, Inna sai ta zabura ta ce ɗanta ne ya dawo ake sanarwa, ta yi teku da gudu. Wani karo a ruwa ya same ta har ƙirji, da kyar ya jawo ta, ya rufa mata zane ya biyo da ita ta bayan gari don kada a gani. Shi ne ya sa maƙeri ya yi sakata. Sakata ta tsare jiki, amma da ƙararrawa ta sake kaɗawa sai da Inna ta kusa cire yatsunta a jikin ƙyaure, tana kiransa azzalumi. Shekaranjiya ya roƙi maƙeri ya zauna masa a bakin ƙofa ya ce zai je ya dawo, ya kuma sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa halin da ya gani a gidan ba. Ya duba sama ya ga lokacin hadari da saura, ya hau ya zaro harshen. Ya ce 'yan kwanaki kawai, ta samu ta huta, yatsun su warke, ya mayar.

Ya nuna mata tsohuwar randa a lungu. Harshen na ciki, naɗe da tabarma. Ya ce tun da aka kawo gawar nan yake ɗauka ya kai bakin ƙofa ya dawo da shi. Ya ji an kama maƙeri, ya ji sarai, kuma ya zauna.

Ta so ta yi fushi da shi, ta nema ta rasa. Ta ina za ta fara? Tsoho shi kaɗai yana kokawa da wannan a bayan bango, ita tana miƙo kwano daga waje. Zuciya ta raya mata ta ɗauki abin nan ta kai kango ta tura a yashi, gobe ta tono ta ce ga shi, ɓarawo ya yar ya gudu. Amma ta san garinsu. Za su karɓi harshen su ce maƙeri ne ya ɓoye shi a can, jirgi kuma ba zai fasa tafiya ba.

Baba ya ga abin da ke fuskarta. Ya ce ta yi aikinta yadda ya koya mata. Abu ɗaya kawai ya roƙa, kada ta ambaci Inna, ta bari a ce kwaɗayin tagulla ne ya kai shi. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Washegari ruwa ya janye, gari ya taru a gindin hasumiya. An jawo jirgin an ajiye, an kawo maƙeri. Mai bandar kifi na zaune gefe cikin mata, ido a kumbure, ba ta kula kowa. Mai Sawu ta sa aka share wani fili a jiƙaƙƙen yashi, ta ce mai gadi ya ratsa. Ya ratsa yana jan ƙafa. Ta ce mai sayen tarkace ya bi bayansa, sai maƙeri, sai shugaban masunta da kansa, wanda ya bi yana gunaguni cewa an mai da manya abin wasa. Da suka gama ta ce a nuna mata sawun mai gadi. Aka duba, duk sun murje shi, kamar yadda kowane mai tafiya zai yi.

Sannan ta faɗi abin da ta gani a matakala, tsumman da bakin ramin, ba ƙari ba ragi. Ta ce maƙeri bai hau hasumiyar nan ba, kuma bakinta ne ya jawo masa wannan wulaƙancin, a kwance shi. Shugaban masunta ya ce sai ta faɗi wa ke tafiya haka.

Ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Mu biyu ne," in ji ta. "Ni, da wanda ya koya mini."

Ba a yi ihu ba, abin ya fi ƙarfin ihu. Mutane suka dare, sai ga Baba tafe daga baya da naɗin tabarma a kafaɗa. Ya sauke a gaban shugaban masunta ya warware, tagulla ta yi ƙyalli a rana. Ya juya wajen maƙeri ya durƙusa a gabansa, da furfurarsa da komai. Maƙeri ya kau da kai, shi ma kunyar ta kama shi.

Mai bandar kifi ce ta taso. Ta zo ta tsaya a kan tsohon ta tambaye shi me mijinta ya yi masa. Ya ce ba komai. Ta ce to don me? Ya ce kwaɗayi ne, 'yata. Ta ce ƙarya ne, ta san shi tun tana goye, mutumin da ko ladan aikinsa sai an bi shi da shi. Ya sunkuyar da kai.

Mai Sawu ta dubi mahaifinta, ya girgiza mata kai a hankali. Ba ta taɓa saɓa masa a gaban mutane ba. Amma matar nan mijinta aka binne jiya, ta fi ƙarfin a sallame ta da ƙarya. Sai ta faɗa, duka: gudun Inna zuwa teku, sakatar, faratan, zaman da maƙeri ya yi a bakin ƙofa da shirun da ya yi saboda su, ciwon ƙafar da babu shi, har da kwanon da take miƙawa daga waje. Tana faɗa tana jin kamar tufafinta ake cirewa ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar kasuwa.

Mai bandar kifi ta juya wajen tsohon. Da ta yi magana muryarta ba ta ko tashi ba.

"Bangonmu ɗaya da ku, Baba. Ina jin kukanta, na ɗauka ba ku so a sani ne, na kama bakina. Da ka ƙwanƙwasa ka ce in zo in riƙe maka ita, wallahi da na zo. Mijina ma da ya zo."

Baba ya kifa fuska a yashi.

Shugaban masunta ya ce hukunci sananne ne, ga jirgi nan, sai in mai haƙƙi ta yafe. Ta ce ba ta yafe ba, kada wanda ya ce ta yafe. Amma ba ta son a ƙara wa teku kowa ta dalilinta. A bar shi ya zauna a garin, ya riƙa fitowa kullum yana ganinta ita da marayunta. Yanzu kuma ya tashi ya ɗauki abin da ya sauko da shi ya mayar da hannunsa.

Maƙeri ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci, ya ce sai an yi sabuwar ƙusa, kuma in an ɗaura dole a buga sau ɗaya a ji ko ya zauna. Ya faɗi haka yana kallon Mai Sawu. Ta gane. Ba ta tsaya neman gafararsa ba, wannan sai ta je har gida ta durƙusa gaban matarsa. Ta ratsa taron ta nufi gidansu, mutane na ba ta hanya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita, ita ma haka.

Ta zare sakatar ta bar ƙofar a buɗe, ƙofar gida ma ba ta rufe ba. Ta zauna a bakin gado ta jawo Inna jikinta, ta zagaye ta da hannu biyu ta sarƙe yatsu. Inna ta tambaye ta ko ita 'yar gidan wa ce. Ta ce 'yar gidan nan ce. Inna ta ce madalla, amma ba ta taɓa ganinta ba.

Suna nan zaune har rana ta ɗaga, sannan ƙararrawa ta kaɗa. Inna ta zabura da ƙarfin da ba a zaci tsohuwa na da shi ba.

"Sake ni, baiwar Allah, ɗana ne ya dawo."

Ba ta sake ta ba. Inna ta yi ta dukanta a baya da karyayyun faratan nan tana kuka, ita ma tana kuka, maƙwabta kuma na jin komai.